Kwarin Larrondo

A cikin shekaru talatin da huɗu da Farfesa Eusebio Larrondo ya yi yana auna abin da ke faruwa idan aka harbi ƙwayar zarra, bai taɓa yin kuskure ba ko sau ɗaya, kuma takardun Cibiyar Binciken Nukiliya ta Villa Ombú suna nan hujja ga duk mai shakka. Saboda haka ya wajaba a ajiye tarihinsa domin amfanin 'yan baya.

Haihuwa da asali

An haife shi ranar tara ga watan Maris na shekarar 1933 a garin Rufino, cikin lardin Santa Fe na ƙasar Ajantina. Mahaifinsa, Fermín Larrondo, ma'aikacin wayar tangarahu ne a tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarsa kuwa, Ángela Bertone, tela ce da ta shahara wajen ɗinkin rigunan coci. Shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya biyar, kuma shi ne auta, dalilin da ya sa ya kai shekara goma sha biyu a duniya kafin wani mahaluki ya fara ce masa ba haka ba ne.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare ta garinsu a 1939, ya wuce sakandare a birnin Rosario a 1946, inda ya zauna gidan gwaggonsa. A 1952 ya sami shiga jami'a a La Plata domin nazarin kimiyyar fiziya, ya kammala a 1957 da sakamakon da malamansa suka daɗe suna ambato. Bayan shekara biyu hukuma ta tura shi ƙasar Holan, ya yi digirinsa na uku a can, ya dawo gida a 1962 da abubuwa uku: wata kwat mai kauri da ba ta dace da yanayinmu ba, da lofe, da al'adar yin shiru na ɗan lokaci kafin ya amsa tambaya, wadda mutane suka ɗauka zurfin tunani ce, shi ma daga baya ya ɗauka hakan.

Aure

A watan Disamba na 1963 ya auri Ofelia Brandán, malamar kiɗan piyano, 'yar wani mai sayar da magani a birnin Córdoba. An ruwaito cewa a walimar auren wata ƙawarta ta tambaye ta aikin angon, sai ta ce, "Wai yana jifan abin da ba a gani da abin da ba a gani, sannan ya ƙirga sau nawa ya samu. Ni dai tunda ba caca ba ce, na yarda." Zamansu ya kai kusan shekara arba'in da uku cikin lumana, kasancewar ita ba ta taɓa neman ganin lissafinsa ba.

Kama aiki

Ya fara aiki a Villa Ombú, a gindin duwatsun Córdoba, ranar biyu ga Maris 1964. Cibiyar tana da inji guda na harba furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ake jifan zarra da su. An sayo shi na hannu daga Turai, ma'aikata suna kiransa Ƙatuwa, kuma kwanakin da yake kwance sun fi waɗanda yake aiki yawa. Don haka lokacin inji shi ne abin da masana suka fi faɗa a kansa, ana rubuta rabon kowa da alli a wani allo da ke bakin ɗakin cin abinci, inda aka sha ɓata zumunci.

Aikin da Larrondo ya ƙware a kai mai sauƙin faɗi ne. Ana jera siraran fallayen ƙarfe goma sha biyu kamar takardun littafi, a harba musu furoton su ratsa daga na farko zuwa na ƙarshe, gudunsu yana raguwa a hanya. Bayan nan a ƙirga tururin nukiliya marar ganuwa da kowane falle ke fitarwa, a san yawan zarrar da harbin ya canza a kowane mataki na gudu, a zana sakamakon a takarda. Sai dai duk lissafin ya rataya ne a kan sanin nauyin kowane falle daidai, domin idan ƙarfen ya fi yadda aka zata ƙaranci, ƙirgen zai faɗi, mai lissafi kuma ya ɗora wa zarra laifin.

Yin fallayen da auna su aikin Herminia Codutti ne, 'yar wani mai gyaran agogo daga Colonia Caroya, wadda aka ɗauka aiki a 1965 tana da shekara ashirin da huɗu. Ba ta yi jami'a ba. Tana da hannun da ba ya rawa, da sikeli a cikin akwatin gilashi wanda ba ta bari kowa ya yi numfashi kusa da shi, da ƙa'ida guda: kowane falle a auna shi kafin harbi, a kuma sake auna shi bayan ya huce.

Awon shekarar 1969

A watan Oktoba na 1969 Ƙatuwa ta tashi daga jinyar mako shida, aka rage wa Larrondo rabonsa daga kwana uku zuwa safiya ɗaya, ranar Juma'a ashirin da huɗu ga wata, ga shi kuma ana jiran sakamakonsa a wani taron masana a ƙasar Italiya. Fallayen na ƙarfen tutiya ne. Domin ya gama cikin lokaci, ya umarci mai kula da inji ya ninka yawan harbin sau biyar. Da aka fito da jerin da tsakar rana, Herminia ta leƙa ta bayan gilashin kariya, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Dokta, huɗun tsakiyar nan ba su yi mini ba. Dubi fuskarsu, sun yi toka-toka. Ka bar mini su kwana bakwai su huce, in sake ɗora su a sikeli."

Ya ce, "Kwana bakwai! Kafin nan abin da nake son ƙirgawa ya mutu, ni ma na bi shi. Codutti, ke ki auna, ni in yi tunani, haka aka raba aikin."

"To ai aunawar ce ka hana ni."

"Kin auna jiya. Ƙarfe ne fa, ba mai zawo ba, da zai rame a kwana ɗaya."

Mai kula da inji ya yi dariya, kamar yadda ya kamata ƙaramin ma'aikaci ya yi. Kafin la'asar Larrondo ya narkar da fallayen duka a cikin asid domin ya tace abin da zai ƙirga, daga ranar kuma babu sauran abin ɗorawa a sikeli.

Haƙiƙa tutiya tana ramewa. Idan ta yi zafi a inda babu iska, kamar cikin injin, sai ta riƙa tashi kamar tururi. Fallayen gaba da na baya suna jingine da ƙarfen da ruwa ke sanyayawa, huɗun tsakiya kuwa ba su da majingina, suka ƙone suka ragu. Da aka zana sakamakon, sai layin ya hau, ya faɗa ƙasa a tsakiya, ya sake hawa, abin da ba a taɓa gani ba a ko'ina.

Shahara

Ya gabatar da zanen a Italiya a watan Janairu na 1970. Wani masani Bafaranshe ne ya fara kiran wurin da layin ya faɗa da suna Kwarin Larrondo, wasu da suka halarta sun ce da ba'a ya faɗa, amma ba'ar ba ta ƙetaro teku ba, sunan ne kawai ya iso. Daga 1970 zuwa 1974 ya duƙufa wajen gina ƙa'idar lissafi da za ta bayyana dalilin da ya sa zarrar tutiya ke ƙin karɓar furoton a wannan mataki. Ƙa'idar ta fito da lambobi bakwai da ake iya murɗawa kamar kunnen rediyo har layi ya zauna inda ake so, kuma ta dace da awonsa ƙwarai, kamar yadda za ta dace da zanen duwatsun Córdoba da an nemi hakan. An ba shi kujerar farfesa a 1973. Shekaru suka shuɗe babu wanda ya maimaita awon, saboda ba a taɓa ƙara wa wani girma a Turai don ya maimaita aikin Villa Ombú ba. A ƙarshen maƙalarsa ta farko a kan kwarin an gode wa H. Codutti da ƙananan haruffa.

Shekarar 1976

Adalci ya wajabta a rubuta wannan babi da cikakkiyar girmamawa. Bayan soja sun karɓi mulki a watan Maris na 1976, an naɗa wani kanar ya kula da cibiyar, ya zo da jerin sunayen waɗanda za a kora, kuma kowa ya san cewa wanda aka kora da irin wannan tambari sau da yawa ba ya daɗewa a gidansa. Sunan Herminia yana ciki, domin wanta ɗan ƙungiyar ƙwadago ne a wata masana'antar motoci, an tafi da shi a watan Afrilu, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Manyan masanan cibiyar suka gano a makon nan cewa takalmansu abin nazari ne. Larrondo shi kaɗai ya sa kwat ɗinsa ta Holan ya shiga ofishin kanar, sakatariyar da ke wurin kuma ta riƙe abin da aka faɗa.

Ya ce, "Kanar, idan za ka kori matar nan, ka haɗa da injin ka sayar wa 'yan gwangwan, ka huta."

Kanar ya ce, "Ka san ko ƙanwar wane ne?"

"Na san ko hannun wa ke yi mini fallaye. Sauran ba a koya mini a jami'a ba."

"Za ka sa sunanka a takarda cewa kai ne lamuninta?"

"Ba ni alƙalami."

Ya sa hannu, aka soke sunanta. Da ta zo yi wa Larrondo godiya, bai bari ta kai ƙarshen jimla ba. Ya ce, "Bar wannan, Codutti. Ina jiran falle ashirin ranar Litinin." Daga wannan rana ba a sake jin ta ambaci huɗun tsakiya ba, ko da wasa.

Ɗalibinsa Irusta

A 1986 ya karɓi Fabián Irusta, ɗan lardin San Luis, a matsayin ɗalibin digiri na uku, ya ba shi aikin sake auna kwarin da sabbin na'urori domin a ƙara masa daraja. Irusta mutum ne mai haƙuri, ya yi harbinsa kaɗan-kaɗan, Herminia ta auna masa fallaye kafin da bayan. Sau uku yana maimaitawa cikin 1987, sannan ya shiga ofishin malaminsa da takarda a hannu.

Ya ce, "Farfesa, kwarin nan fa babu shi. Fili ne fetal."

Larrondo ya yi shirunsa na al'ada, ya ce, "Shekara goma sha takwas kwarin nan yana nan, sai da ka zo daga San Luis ya cike? Je ka sake."

"Na sake sau uku."

"To ka iya kuskure ke nan, tunda kana maimaita shi daidai."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Irusta ya gangara ɗakin fallaye, ya tarar da Herminia tana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, wato shayin ganyen ƙasar, ta miƙa masa.

Ya ce, "Doña Herminia, ke kika yi fallayen sittin da tara. An auna su bayan harbi?"

"Sha kada ya huce."

"Tambayarki na yi."

"Na ji ka, ɗana, ban kurumce ba. Abin da na gani ranar na rubuta a littafin aikina, yana nan, kuma a nan zai zauna. Kai ma ka rage ɗaga murya, sikelina ba ya son hayaniya."

Larrondo ya ƙi sa hannu a kundin Irusta har shekara biyu. A 1989 Irusta ya tattara iyalinsa ya koma ƙasar Kanada, ya faro karatun daga tushe yana da shekara talatin da ɗaya, ya wallafa awonsa a 1995. Kafin 2002 wasu cibiyoyi biyu, a nahiyoyi daban-daban, sun nemi kwarin sun rasa.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Ya yi ritaya a watan Maris na 1998, aka yi masa gashin nama na mutum ɗari biyu a harabar cibiyar, aka rataya masa lambar yabo. Herminia ta bi bayansa a 2001, amma cibiyar ta roƙe ta ta ci gaba da kwas ɗin mako uku da take bayarwa duk watan Yuli, inda ma'aikata daga Chile da Peru da Brazil da Cuba ke zuwa koyon yin fallaye a hannunta. Ba ta yi aure ba, kuma waɗanda suka san ta sun ce makonni ukun nan su ne shekararta.

A watan Mayu na 2004 ofishin da ke tattara irin waɗannan awo na duniya ya rubuto wa cibiyar cikin ladabi yana neman bayani a kan awon 1969, aka aika wa Larrondo wasiƙar gida. Bayan mako biyu ya hau motar haya zuwa gidan Herminia, karo na farko cikin shekara talatin da tara. Ta ajiye masa kujera a ƙarƙashin bishiyar lemun tsami. 'Yar wanta, wadda ke zaune tare da ita, tana ɗakin girki taga a buɗe.

Ya ce, "Codutti, littafinki na sittin da tara yana nan?"

"Yana nan, Dokta."

"Me kika rubuta a ciki?"

"Abin da na gani."

Ya riƙe ƙoƙon mate har ya huce a hannunsa. Wannan karon shirun ba na al'ada ba ne, leɓunansa sun motsa sau biyu. Daga bisani ya ɗaga kai ya ce, "Lemun nan yana son a rage masa rassa."

Ta ce, "Sai sanyi ya wuce."

Ya tashi ya tafi. An ce ya fara rubuta amsar wasiƙar sau da dama, matarsa ta tsinci takardu a kwandon shara waɗanda ba su wuce gaisuwa da kwanan wata ba. Ta taɓa ce masa, "Tsoho, in ba ka san abin da za ka ce musu ba, ka ce musu ka tsufa mana." Ya amsa mata cewa ya san abin da zai ce, matsalar ke nan.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu ranar goma sha huɗu ga Agusta 2006 a gidansa da ke Córdoba, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara saba'in da uku, wasiƙar kuwa ba a amsa ta ba. An yi masa addu'a a cocin unguwarsu, aka kai gawarsa Rufino aka binne shi kusa da iyayensa ranar goma sha shida ga wata. Ya bar matarsa Ofelia da 'ya'ya huɗu: Leandro, injiniya a Rosario, Celina, likitar yara a Córdoba, Mercedes, lauya, da Ulises, wanda ke koyarwa a ƙasar Sifen, da jikoki tara.

A watan Nuwamba hukumar cibiyar ta yanke shawarar sa wa sabon zauren taro sunansa, sai aka tuna da wasiƙar, domin ba ya kyautuwa a rubuta suna a bango alhali tambaya tana rataye a kansa. Kwamitin mutum uku ya zauna sau biyu, ya gano cewa an yi kuskure wajen auna nauyin fallaye huɗu a ɗakin shirya su, kuma marigayin ya yi lissafinsa daidai bisa lambobin da aka ba shi. Abin da ya rage shi ne sa hannun wadda ta auna. Labari ya kai Kanada, Irusta ya bugo mata waya.

Ya ce, "Doña Herminia, kada ki sa hannu! Ki kai musu littafin. Ni zan zo da kaina in tsaya miki."

"Ka zo ka yi me, ka bar aikinka? Yaya yara?"

"Bar zancen yara. Mutumin nan ya mutu, ba abin da zai same shi. Ke ce da rai."

"Ai shi ne silar da nake da ran, ɗana. Kai ba ka nan a saba'in da shida."

"Ni ma fa ya cuce ni."

"Ya cuce ka, ni ma na taya shi, kuma ban taɓa neman gafararka ba. Yanzu na nema."

Duk da roƙon Irusta ba ta kai littafin ba. Ta sa hannu ranar biyar ga Disamba, da rubutunta mai kyau. An buga gyaran a watan Fabrairu na 2007 cikin layi huɗu, sunanta cikakke, karo na farko da ya fito da manyan haruffa a wata mujallar kimiyya. Hukumar, cikin nadama da ta bayyana a rubuce, ta lura cewa ba zai yiwu wadda takarda ta tabbatar ta yi kuskuren awo ta ci gaba da koyar da awo ba, aka miƙa kwas ɗin Yuli ga wani.

An buɗe zauren ranar Juma'a ashirin da uku ga Maris. Ana cikin jawabai Herminia ta gangara ɗakin fallaye, ta goge gilashin sikelin ciki da waje, ta daidaita ƙafafunsa, ta lulluɓe shi da mayafinsa, ta kulle ƙofa. A bakin get ta miƙa wa mai gadi makullin.

Ya ce, "Doña Herminia, ba za ki tsaya ba? Yanzu za a fito da nama."

Ta ce, "Motar ƙarfe huɗu ba ta jira."